Ciwon Asuba na Motar Baba Muri

Amusa Ogundiran sunansa, amma a Shaki in ka faɗi haka sai mutane sun yi ta waige-waige. Baba Muri muke ce masa, saboda ɗansa na fari Muritala. Ɗan gidan maƙera ne na bayan kasuwa, gidan da tun kakanni ba a san wata sana'a ba sai dukan ƙarfe. Shi kaɗai ya ƙi zama a maƙera, wai hayaƙin gawayi yana sa shi hawaye. Ya gudu tasha ya zama yaron mota, ya sha mari a hannun direbobi har ya iya tuƙi, ya yi wa mutane aiki har Allah ya ba shi tasa ta kansa. Hayaƙin da ya guje wa kuwa, an ajiye masa shi a gaba.

Motar a-kori-kura ce, fara a zamanin da take da launi. Ta girmi Muri. Ƙofar gefe da igiya ake ɗaure ta, kuma in ana ruwa sai mai zama gaba ta ɗaga ƙafafu. Ni ce mai zama gaban nan. Manja nake sayarwa a bakin tasha, shi ya sa kowa ke kirana Iya Elepo, wato uwar manja, har jikokina ba su san sunana na yanka ba.

Mutum ne marar yawan magana. In ya yi maka jimla biyu a jere, to ranar akwai abin da ya dame shi. Ba ya wasa da salla, sahun gaba yake tsayawa. Amma a ƙasarmu kowa ya san ƙarfe yana da mai shi, Ogun, abin bautar kakanninmu, wanda sunansa ke manne a gaban sunan gidansu Amusa. Maƙeri da maharbi da direba, duk wanda ƙarfe ke ciyarwa, yana ɗan ba shi rabonsa, wasu a fili, wasu a bayan gida. Amusa nasa ɗan kaɗan ne: duk ranar kasuwa kafin ya tada mota, sai ya ɗiga manja a kan tayar gaba, ya yi 'yan maganganu ƙasa-ƙasa. Liman ya yi wa'azi har ya gaji. In an matsa masa sai ya ce gaisuwa ce kawai, uban da ya haife shi ya ce kada ya hau ƙarfe bai gaishe shi ba. A wurina yake sayen manjan, ɗan gwangwanin madara, jajiberen kowace kasuwa. Abin ya zama jiki, ba mai lissafa shi cikin labari.

Mu ne cinikinsa. Matan da ke zuwa kasuwar Shepeteri sarin busasshiyar doya da barkono da man kaɗanya, shi ke kai mu, shi ke dawo da mu, tun 'ya'yanmu suna goye har suka goya nasu. Ana sallame sallar asuba muke tashi, don in manyan motocin Ibadan suka riga ka shiga kasuwar nan, abin da za ka tarar ko kaza ta raina shi. Shugabarmu Iya Sidi ce, mace mai jiki da murya, wadda in ta zauna a baya sai motar ta ɗan durƙusa. Ban da mu, Amusa ba shi da wasu fasinjan kirki. Mutanen gari sun koma wa ƙananan bas-bas masu kiɗa. Ranar da muka bar shi, ranar zai jingine motar.

Ciwon ya fara ne da marka, lokacin da ruwa ke kwana yana zuba, gari ya waye da sanyin da ke shiga ƙashi. Motar za ta tashi da ƙyar. In ya taka totur, maimakon ta zabura sai ta yi jim, kamar tsohuwar da aka ce ta tashi ta ba baƙo tabarma. Sai ta yi tari, ta jijjiga, ta saki baƙin hayaƙi ta salansa har na baya su ɓace wa juna. A kan tudun fita gari sai ta tsaya cak. Mu sauko cikin taɓo, tsofai-tsofai da mu, muna turi, Iya Sidi tana ba da umarni daga sama don ita ba ta sauka. Abin da ya fi ɗaure kai, in muka wahala muka yi rabin hanya, rana ta ɗan leƙo, sai ta warke sumul. Da yamma ta dawo da mu da kaya niƙi-niƙi, ko atishawa babu.

Fetur kuwa kamar ana zubarwa a rijiya. Na sha gaya musu hayaƙin nan yana da wani ƙamshi-ƙamshi, kamar ana toya ƙosai a nesa. Suka yi mini dariya, wai ni ko turare aka ba ni sai na ce manja ne.

Amusa ya kai ta wurin Raufu, bakaniken da ke ƙarƙashin mangwaro a hanyar Ago-Are. Ƙanin abokinsa ne, Egbon yake ce wa Amusa, yadda ake ce wa yaya. Raufu ya san aikinsa, ban rage masa ba. Matsalarsa ɗaya ce: ba ya buɗe gareji sai ya ci amala ya sha ruwa, hantsi ya take. Rumfar ƙanwata tana kusa da wurin, don haka na sha ganin yadda suke yi. Amusa zai iso, motar tana tafiya lafiya lau. Raufu zai buɗe bonet, ya kwance wata baƙar tukunya mai murfi da ke zaune kusa da kafireta, wadda iska ke bi ta ciki ta tace kafin ta shiga inji, ya ajiye ta a kan benci don ta ba shi wuri. Sannan ya tada, ya ja totur da hannu. Sai injin ya yi kuka mai daɗi kamar sabo.

"Egbon, ina ciwon?"

"Da asuba yake zuwa."

"To ai ga ta, ko amarya ba ta fi ta lafiya ba."

Amma da ya zaro filogi sai ya juya su a hannu yana dubawa. Baƙi ƙirin suke, kamar gindin tukunya. Ya ce wannan ba ya ƙarya: mai yana yi wa iska yawa. Ya yi mana misali da murhu, wai in ka cika itace ka hana wuta numfashi, hayaƙi za ka samu, ba girki ba. Ko dai mai ne ke shiga fiye da ƙima, ko iska ce ba ta isa. Sai ya bi mai. Ya wanke kafireta, ya hura ƙananan ramukanta da baki, ya rage mata mai. Kasuwa ta zagayo, muka tura. Ya canja filogi. Muka tura. Ya ce wayar cok, mai rage wa inji iska in ana sanyi, ita ce ke maƙalewa, ya sa sabuwa. Muka tura. Ya sauke tanki ya wanke, ya canja ɗan ƙarfen da ke tare mai in kafireta ta cika. Rannan har takalmina ya tsinke a taɓo.

Tukunyar nan kuwa ya leƙa ta ba sau ɗaya ba. Ita dama da ɗan baƙin mai a gindinta ake amfani da ita, shi ke kama ƙura. Yana buɗewa sai ya ga mai baƙi, ruwa-ruwa, yadda ya kamata. Sau ɗaya dai ya ce ya yi yawa, ya tsiyaye kaɗan a ƙasa, ya mayar.

Daga nan kowa ya zama malami. Iya Sidi ta ce mai sayar da fetur a kwalba ne ke haɗawa da kananzir. Aka canja wurin saye, ba ta canja zane ba. Silifa matar Amusa ta ce hannu ne, kuma ba ta nuna kowa ba sai Sikiru, saurayin da ya sayo sabuwar bas yana ta kewaya mu da fara'a. Wani ya ce a kan tudun nan akwai kabarin wani maharbi. Ni kaina na yi zargin nauyin Iya Sidi ne, amma na riƙe a ciki, don da yamma ma da ita ake dawowa, ga kuma buhuna. Raufu ya daina raha. Da ya hango farar motar sai ya cire hula ya sosa kai. Wata rana ya ce wa Amusa, ko dai ƙafarsa ce ta tsufa? Amusa bai gaishe shi ba har Juma'a ta wuce.

Ana cikin haka gwangwanin manjan da Amusa ke saye a wurina ya zama biyu. Biyu ya koma kwalba. Na tambaye shi ko Silifa ta fara tuyar sayarwa ne, ya ce a'a. Na ce ko an yi baƙi? Ya ce a'a, ya karɓi kwalbarsa ya tafi. Mai ciniki ba ta korar ciniki da tambaya, sai na bar shi.

Ranar da muka isa Shepeteri muka tarar motocin Ibadan har sun ɗaure kaya, Iya Sidi ba ta yi faɗa ba a can. Da muka dawo ta tsayar da shi a gabanmu duka.

"Baba Muri, mun daɗe tare, ba na son na ci maka fuska. Amma ba turin mota muka fito yi ba. Kasuwa mai zuwa Sikiru zai tsaya a bakin layinku. In taka ta tashi lafiya, mu naka ne. In ta yi tari sau ɗaya, ka yafe mu."

Ya ce, "To, Iya." Ya tsaya yana shafa ƙofar motar. A daren jajibere ya sayi kwalba mafi girma da ya taɓa saye.

Tun kafin nan na riga na je wurin Raufu. Na same shi a kan amala. Na ce, Oga bakanike, in ɗanka yana zazzaɓin asuba, da azahar kake taɓa goshinsa? Ya ce mota ba mutum ba ce, Mama, abin da ya lalace da asuba lalatacce ne da azahar. Na ce to ga taka nan ta ƙaryata ka, ka zo ka gan ta kafin ta wanke fuska. Ya fara kawo zancen sanyi da ciwon baya. Na tuna masa cewa ni na yi wa uwarsa rakiya ranar da aka kai ta gidan ubansa, kuma ina iya zuwa in gaya mata irin ɗan da ta haifa. Ya ce zai zo.

Ya zo kuwa ƙofar gidan Amusa da asubar kasuwar, da rigar sanyi da tocila, yana hamma. Gari ya fara haske, ana yayyafi. Mata sun taru da kwanduna. Can bakin layi bas ɗin Sikiru tana tsaye, fitilu a kunne, kiɗa yana tashi a hankali. Raufu ya hana Amusa taɓa komai, ya buɗe bonet, ya ce a tada. Ta tashi da ƙyar. Aka taka totur, ta yi jim, ta yi tari, baƙin hayaƙi ya turnuƙe mu. Iya Sidi ta ɗauki kwandonta.

Raufu bai ko waiwaya ba. Karo na farko ke nan da ya ga ciwon da idonsa, har wani murmushi yake yi kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwa. Ya sa hannu ya kwance tukunyar don ya kai ga kafireta, kamar kullum. Yana ɗaga ta, injin ya ja numfashi ya daidaita. Ya tsaya riƙe da ita a hannu. Ya mayar, motar ta shaƙe. Ya cire, ta warke. Ya sake mayarwa, ya sake cirewa, har sai da na ce masa ba rawa muka zo kallo ba.

Ya ɓalle murfin, ya haska. Babu ruwa-ruwa a ciki. Wani abu ne daskararre, baƙi a sama, ya cika tukunyar ya toshe ragar da ke ciki. Ya caka yatsa ya kwarzo, sai ga ja a ƙasa. Ya shinshina. Ya ɗanɗana. Sannan ya juyo ya dube ni, matan nan duk suka juyo suka dube ni.

"Mama, manja ne."

Na ce na gani, ba makauniya ba ce.

Silifa ta tafa hannu ta ce dama ta faɗa, hannu ne, kuma ashe na kusa ne. Wata ta tambaya me Sikiru ya ba ni. Ni da takalmina ya tsinke wurin turi. Na buɗe baki zan wanke su tas, amma na san jan nan, nawa ne, ba na wata ba. Ta yaya manjana ya shiga cikin cikin mota? Har na fara tunanin ko zama gaba da nake yi da tuluna ne, yana bin wata kafa yana gangarawa.

Sai Amusa ya fito daga mazaunin direba ya leƙa tukunyar, hankalinsa kwance.

"Ku bar Iya Elepo. Ni na zuba. Rabon ƙarfe ne."

Ranar ya yi maganar da ta fi ta shekara guda yawa. Ya ce da damina ta kankama, in ya ɗiga manja a taya, kafin ya rufe baki ruwa ya wanke, abin da ya rage karen maƙwabta ya lashe. Abin ya dame shi, don gaisuwar da kare ya karɓa ba ta isa wurin mai ita ba. Sai wata rana a gareji ya ga Raufu ya buɗe tukunyar nan ya zuba mata mai. Ashe motar tana da kwanon cin abincinta, har da murfi, shi kuwa shekara da shekaru yana zuba mata a ƙasa kamar baƙuwa. Daga ranar ya koma zubawa a ciki. Da ta fara tari, ya gane fushin baya ne take ramawa, ya ƙara. Da tarin ya ƙaru, ya ƙara ƙari.

Raufu ya zauna a kan dutse, cikin yayyafin. Ya ce manja in ya kwana a sanyi barci yake yi, ya toshe hanyar iska, injin ya yi ta zuƙar fetur zalla. In inji ya yi zafi sai ya narke, ya gauraya da baƙin mai da ƙura, kafin a iso gareji ba mai bambanta shi da na gaskiya. Ya ɗago ya ce, "Egbon, sau nawa na tambaye ka me kake zuba wa motar nan?"

"Ka tambaye ni abin da nake zubawa a tanki, na gaya maka. Wannan ba na tanki ba ne. Kuma ba sha'anin bakanike ba ne."

"Ai kuwa ya zama."

Iya Sidi ta ce ita dai ta faɗa, tari ɗaya, kuma ta ji fiye da ɗaya. Ta tafi wurin Sikiru, wasu suka bi ta. Sauran suka tsaya tsakiyar layi da kwanduna a ka, suna duban bas, suna duban a-kori-kura. Ni na buɗe igiyar ƙofa na shiga na zauna a wurina. Na ce wadda ke son kiɗa ta tafi, ni ina son in ga ƙarshen abin da aka kusa ɗora mini. Suka ɗan yi gunaguni, suka hau baya.

Raufu ya kwashe manjan da cokalin Silifa, ya wanke tukunyar da ragar da fetur, ya zuba baƙin mai daidai layinsa. Sai wata sabuwa ta taso: Amusa ya ce ba zai motsa ba sai ya gaida ƙarfe, ga kwalba a hannunsa, ga ruwa yana zuba a kan taya. Raufu ya rufe bonet ya zauna a kai. Suka tsaya kallon-kallo, bas ɗin Sikiru kuwa har ta sha kwana. Na miƙa hannu ta taga na karɓi kwalbar, na tsiyaya kaɗan a murfinta, na ajiye a ƙasan kujerar Amusa inda ƙarfe yake tsirara. Na ce nan ma jikinta ne, kuma kare ba ya shiga. Ya yi jim kamar motarsa. Sannan ya sunkuya ya yi 'yan maganganunsa, ya tada.

Ta haye tudun nan ba tare da ta tambayi kowa ba. Duk da haka su Iya Sidi sun riga mu isa, sun kwashi doya mai kyau, mu muka samu ta biyu. Ita ba ta ƙara hawa motarsa ba, mace ce da ba ta lashe abin da ta tofar. Ta tagar bas take gaishe shi. Amma waɗanda suka rage sun isa su riƙe shi a hanya, kuma cikin waɗanda suka tafi wasu sun dawo, da suka gane Sikiru ba ya jiran mai cinikin da ya daɗe.

Raufu ya liƙa wa Amusa wani ɗan gwangwani mai murfi a ƙarfen gaban motar, ya ce ga kwanonta nan, ya rantse in ya sake ganin ja a tukunyar iska sai ya kai ƙara gidan maƙera. Amusa ya karɓa, amma bai taɓa yarda manja ne ya kawo ciwon ba. Har ya bar tuƙi, lokacin da idonsa ya fara hazo, cewa yake ƙarfen ne ya ƙoshi, ya kira Raufu da asuba ya kwashe kwano. Raufu kuma yana ba da labarin a gareji kamar shi ya yi mafarkin zuwa. Liman da ya ji, cewa ya yi ga shi nan, dama ya faɗa. Kowa ya fita da gaskiyarsa, ni ce kawai na rasa cinikin kwalba na koma gwangwanin madara.

Motar tana nan a gidan maƙera, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji suna ƙwai a mazaunina. Jajiberen kasuwa har yanzu Baba Muri yana lallaɓowa da sanda ya sayi gwangwaninsa, ban kuma tambayarsa ba. Abin da na sani dai, manjan kirki ne ke barci da sanyi. Da a wurin waccan ta tsallaken titi yake saye, mai sirka nata da abin da Allah kaɗai ya sani, da ko tari motar ba ta yi ba.